Me ya sa Isra'ilawan dā suke canza wa gari suna in sun ci shi da yaƙi? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya zauna ya karanta Tsohon Alkawari, musamman Littafin Ƙidaya da Joshuwa da Mahukunta, zai yi ta cin karo da wata 'yar magana a tsakiyar labarin yaƙi, a ce gari kaza dā can sunansa kaza ne. Yawancinmu tsallakewa muke yi mu wuce wajen da ake gwabzawa. Ni kuwa a ganina wannan 'yar maganar tana ɗauke da kaya masu nauyi, shi ya sa na haɗa tambayoyin da aka fi yi a kai wuri ɗaya.

Wai abin yana da yawa ne a littafin, ko sau ɗaya ne ko biyu?

Yana da ɗan dama. Layish ta koma Dan, Luz ta koma Betel, Zefat ta koma Horma, Kenat ta koma Noba, wasu ƙauyuka a Gileyad suka koma Hawwot-yayir, kagarar Sihiyona ta Yebusiyawa ta koma Birnin Dawuda, can daga baya sarki Amaziya na Yahuza ya ci Sela ta Edom ya sa mata Yokteyel. Akwai kuma Kiriyat-arba wadda ita ce Hebron da Kiriyat-sefer wadda ita ce Debir, amma a lura fa, waɗannan biyun littafin bai ce ga wanda ya canza ba, cewa kawai ya yi dā haka ake kiransu, sai dai ya kawo maganar daidai inda yake ba da labarin Kalibu da Otniyel suna cin garuruwan (Joshuwa 14 da 15).

To mene ne ma'anar abin a wajensu?

Mallaka. Wanda aka kira sunansa a kan gari shi ne mai garin, kuma ba sai mun yi ta hasashe ba dan akwai inda littafin da kansa ya fito da maganar fili, a Sama'ila ta biyu sura 12. Yowab, sarkin yaƙin Dawuda, ya daɗe yana kewaye da Rabba babban birnin Ammonawa, wato inda Amman ta Jodan take yanzu, shi Dawuda yana zaune a Urushalima bai fita ba, lokacin ne ma ya ɗauke matar wani sojansa Uriya, ya sa aka kashe mijin a fagen yaƙi. Da Yowab ya kama wajen ruwan garin ya san aiki ya ƙare saura ƙiris, maimakon ya ƙarasa sai ya tashi manzanni zuwa wajen sarki, ya ce masa ya tattaro sauran jama'a ya zo ya ci garin da kansa, kar shi Yowab ya ci a kira garin da sunansa. Dawuda kuwa bai yi musu ba, ya taso ya zo ya ƙarasa, aka ciro kambin zinariya aka ɗora masa a ka.

Ka ga abin da Yowab ya gane kenan. Shi ya sha rana, mutanensa ne suka mutu a gindin ganuwa, amma in suna ya hau kan garin to kamar ya kafa tasa sarautar ce a gefen ta ubangidansa, kuma sarki ba zai yafe wannan ba. Haka ma a cin Urushalima, Tarihi na ɗaya sura 11 ya ce Yowab ne ya fara hawa, ladansa aka ba shi shugabancin mayaƙa, kagara kuwa sunan Dawuda ta ɗauka.

Wane labari ne ya fi nuna yadda ake yi tun daga farko har ƙarshe?

Na Layish, a Mahukunta sura 18, kuma shi ne wanda ya fi tsaya min a rai. Kabilar Dan ba su samu sun zauna da gindinsu a rabonsu na kudu ba, sai suka tura mutum biyar daga Zora da Eshtawol su je su duba ƙasa. Mutanen suka yi arewa har suka kai wani gari a gindin dutsen Harmon inda ruwa ke ɓuɓɓugowa, ɗaya daga cikin mafarin kogin Urdun. Abin da suka gani suka koma suka faɗa shi ne, mutanen garin suna zaune lafiya hankali kwance irin zaman Sidoniyawa, ba su tsammanin kowa, ƙasar mai faɗi ce ba abin da babu, kuma suna nesa da Sidon ba su da wata hulɗa da kowa balle a kawo musu ɗauki. Wato zaman lafiyarsu ne ya ja musu.

Mutum 600 suka yi ɗamara suka tashi da yara da dabbobi da kaya. A hanya suka biya gidan wani Mika a tuddan Ifraimu suka kwashe masa gumakansa, suka lallaɓa Balawin, wato ɗan kabilar Lawi, da yake masa aikin firist suka ce ashe bai fi maka ka zama na kabila guda ba a kan gidan mutum ɗaya, shi ma ya ji daɗi ya bi su. Da Mika ya biyo su yana kuka suka ce ya rufe bakinsa kar masu zafin rai su auka masa. Suka isa Layish suka karkashe mutanen suka cinna wa garin wuta, suka sake gina shi, suka sa masa Dan sunan kakansu, suka kafa gunkin da suka sato.

A nan ina so mai karatu ya lura da yadda marubucin ya tsara maganar. Har sau biyu yana nanata cewa mutanen nan ba ruwansu da kowa, sannan bayan ya faɗi sabon suna sai ya ƙara da cewa amma fa Layish ne sunan garin tun farko. Kuma ya sa labarin a cikin sashen da yake ta maimaita cewa a kwanakin nan ba sarki a Isra'ila. Ni ban ji muryar kirari a wannan surar ba sam. Garin nan na Dan shi ne daga baya sarki Yerobowam na Isra'ila ya kai ɗan maraƙin zinariya ya ajiye, ɗayan kuma a Betel, abin da Littafin Sarakuna bai daina tsine wa ba.

Layish ɗin kuma ba ƙagaggen gari bane. Sunanta ya fito a rubuce-rubucen Masar na dā, ya fito a allunan birnin Mari na bakin kogin Furat wajen ƙarni na 18 kafin Miladiyya a lissafin inda aka tura kuza. Masanin haƙo kayan tarihi Avraham Biran ya fara tono a tudun a 1966, kuma cikin abin da aka tarar akwai ƙofar gari ta tubalin laka mai baka, ginin Kan'aniyawa, tana nan tsaye har yau ana zuwa kallo. Mutanen da suka gina wannan ƙofar sun yi ɗaruruwan shekaru a wajen kafin wani ya ce Dan.

Akwai dalilin addini a ciki, ko siyasa ce zalla?

Akwai, ai a wancan zamanin ba a raba biyun. Garuruwa da yawa sunan abin bautarsu suke ɗauke da shi, to in ka ci gari kana kiran sunansa kullum, bakinka na ambaton Ba'al kenan safe da yamma. Fitowa 23:13 ta hana a ji sunan wasu alloli a bakinsu, Maimaitawar Shari'a 12:3 kuma ta ce a rushe bagadansu a shafe sunayensu daga wurin, ayoyi biyu bayan nan sai ta koma maganar wurin da Ubangiji zai zaɓa ya sa nasa sunan. An cire wani suna an sa wani. Shi ya sa a Littafin Ƙidaya 32:38, da ake lissafa garuruwan da 'ya'yan Ra'ubainu suka gina a gabashin Urdun, da aka zo kan Nebo da Ba'al-meyon sai aka sako cewa an canza musu suna.

Horma ita tata ta fi tsanani. Sunan yana nufin abin da aka keɓe wa Allah ta hanyar hallaka shi ƙaf, ba a ɗaukar ganima ba a barin mai rai. Sauran sunayen suna cewa nan namu ne, wannan kuwa sanarwa ce ga duk mai wucewa cewa ga abin da aka yi wa mutanen nan.

Amma kar a ɗauka an bi gari-gari ana goge sunayen gumaka. Bet-shemesh, gidan rana, tana nan da sunanta. Anatot garin annabi Irmiya, masana da yawa suna danganta sunan da allahiya Anat, kuma garin firistoci ne ma. Bet-dagon tana cikin jerin garuruwan Yahuza. Yariko, Shekem, Magiddo, Hazor, Gezer duk ba wanda ya taɓa su. Garuruwan da aka canza wa suna 'yan kaɗan ne in aka kwatanta da ɗaruruwan da aka bari.

Su kaɗai ne suke wannan a zamanin?

Ina! Su ƙananan 'yan wasa ne ma a wannan fagen. Sarakunan Assuriya sun mayar da abin kamar ka'ida. Shalmanesar na uku ya ci Til-Barsip a bakin Furat a ƙarni na 9 kafin Miladiyya ya sa mata Kar-Shalmanesar, Sargon na biyu ya ci Harhar ya sa mata Kar-Sharrukin, Esarhaddon ya rushe Sidon a 677 kafin Miladiyya ya gina wani gari kusa ya sa masa nasa sunan.

Kuma abin da suka yi wa wasu an yi musu, har a jikin sarakunansu. Fir'auna Neko ya naɗa Eliyakim a Urushalima a 609 kafin Miladiyya ya ce daga yau sunanka Yehoyakim. Nebukadnezzar ya naɗa Mattaniya a 597 ya mai da shi Zadakiya. Sababbin sunayen nan duka na Ibrananci ne masu kyau, har da sunan Ubangiji a ciki, dan haka ba addini ake son canza musu ba, ana dai nuna musu ne cewa wanda ya raɗa maka suna shi ke da kai. Su Daniyel da abokansa kuwa a Babila sunayen Babilawa aka liƙa musu.

Shin sabon sunan yana kama ƙasa kuwa?

Sau da yawa ba ya kamawa, kuma littafin da kansa ne yake tona wannan. Noba ya sa wa Kenat sunansa, amma Tarihi na ɗaya 2:23 yana kiranta Kenat, yana kuma cewa Geshur da Aram sun ƙwace ta tare da ƙauyukan Yayir, masana da dama kuma suna ganin ita ce Kanawat ta kudancin Siriya a yau. Nebo da Ba'al-meyon da aka ce an canza musu suna, ba a ma faɗi sababbin sunayen ba, sai ga Ishaya da Irmiya da Ezekiyel ɗaruruwan shekaru bayan nan suna kiransu da tsoffin, a matsayin garuruwan Mowab. Dutsen sarki Mesha na Mowab da aka samu a Diban a 1868, wanda yanzu yake gidan tarihi na Louvre a Faransa, shi ma Ba'al-meyon da Nebo ya rubuta, yana alfaharin ya gina ɗaya ya ƙwace ɗaya daga hannun Isra'ila ya hallaka mutanenta saboda abin bautarsa Kemosh. Yokteyel ta Amaziya ba a sake kiran wajen da ita ba bayan ayar nan guda. Ita kanta Urushalima sunanta ya girmi Dawuda nesa ba kusa ba, yana cikin wasiƙun da aka tono a Amarna ta Masar na ƙarni na 14 kafin Miladiyya, inda sarkinta Abdi-Heba yake rubuta wa Fir'auna yana roƙon a turo masa maharba.

Inda sabon suna ya zauna daram, irin Dan, galibi an kawar da masu kiran tsohon ne. In manoma da mata masu zuwa rijiya suna nan, tsohon suna yana nan, sarki ya rubuta abin da ya ga dama a dutse.

Su waɗanda aka ci ɗin fa, littafin ya ce wani abu a kansu?

Kaɗan, amma akwai wani guntun labari a Mahukunta 1:22-26. Mutanen gidan Yusufu suna leƙen Luz sai suka ga wani mutum yana fitowa, suka ce nuna mana mashigar garin mu yi maka alheri. Ya nuna musu, suka shiga suka kashe mutanen garin suka bar shi da iyalinsa. Mutumin bai zauna da su ba. Ya kwashi iyalinsa ya tafi ƙasar Hittiyawa ya gina wani gari ya sa masa Luz, marubucin ya ce sunansa kenan har wa yau. Mutumin da ya ba da garinsu da hannunsa, abin da ya iya tsira da shi bayan iyalinsa shi ne sunan. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, dan sarakunan Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 da suka je suka kafu a Maraɗi ba su yar da sunan ba, har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar can.

A wasu wuraren ma marubutan suna ajiye sunayen da maƙwabta ke amfani da su ba tare da wani dalilin yaƙi ba, kamar Maimaitawar Shari'a 3:9 da ta ce dutsen Harmon Sidoniyawa Siriyon suke ce masa, Amoriyawa kuma Senir.

Na ga an ce Ibrahim ya bi abokan gaba har Dan, alhali ba a haifi Dan ba a lokacin. Yaya kenan?

Farawa 14:14 kenan, kuma tambaya ce mai kyau dan Dan tattaɓa-kunnen Ibrahim ne. Amsar ita ce wanda ya rubuta ko ya gyara nassin ya yi amfani da sunan da masu karatunsa suka sani. Malaman Yahudu da na Kirista sun daɗe da lura da wannan, kuma irin waɗannan wuraren ne masana suke bi su gane cewa an rubuta labaran ko an sake tsara su bayan abin ya faru da daɗewa.

Akwai ma inda suna ɗaya yake da labari biyu. Betel, Farawa 28 ta ce Yakubu ne ya sa mata suna bayan mafarkin tsani, tun ba yaƙi ba komai, Mahukunta kuma ta kawo maganar a wajen cin garin. Horma an ba da dalilinta a Littafin Ƙidaya 21 zamanin Musa, an sake bayarwa a Mahukunta 1 ta hannun Yahuza da Saminu. Hawwot-yayir a wani wurin Yayir na zamanin Musa ne, a Mahukunta 10 kuma wani Yayir ne mai 'ya'ya 30 da jakuna 30 da garuruwa 30. Wannan yana nuna maka sunan yana nan a bakin mutane, kowane gida da labarin da ya gada na yadda aka samo shi, masu tattarawa kuma suka ajiye duka biyun.

Masu tonon ƙasa sun tabbatar da yaƙe-yaƙen nan?

Wasu wuraren sun dace wasu ba su dace ba. Hazor an tarar an ƙone ta ƙurmus a ƙarni na 13 kafin Miladiyya. Garin Ai kuwa, wanda littafin ya ce Joshuwa ya ci, tudun da aka fi ɗauka shi ne garin kango ne tun ɗaruruwan shekaru kafin lokacin, Yariko ma binciken Kathleen Kenyon na shekarun 1950 bai samu birni mai ganuwa a wannan zamanin ba. Shi ya sa masana da yawa yanzu suke ganin yawancin Isra'ilawan farko daga cikin Kan'ana suka fito. Mahukunta sura 1 ma ai ta jero garuruwan da ba a iya korar mutanensu ba, su Bet-sheyan da Magiddo da Gezer.

In ba da yaƙi aka samu wuri ba fa?

Nan ne za ka ga bambancin. Sarki Omri sayen tudun Samariya ya yi a hannun wani Shemer da azurfa talanti biyu, ya gina babban birninsa a kai, sai ya bar wa birnin sunan mai tudun (Sarakuna na ɗaya 16:24). Sarki ne mai ƙarfi wanda har Assuriyawa suka riƙa kiran ƙasar gidan Omri, amma birnin nasa sunan wanda ya sayar masa yake amsawa. Sai kuma Ishaku a Farawa 26, da ya sake tone rijiyoyin babansa da Filistiyawa suka cike da ƙasa, sunayen da Ibrahim ya sa musu ya mayar musu. Shi ma da'awa ce, yana cewa ruwan nan gadona ne, amma ba wanda aka kashe.

Littafin yana yabon wannan ɗabi'ar ne?

Ba murya ɗaya gare shi ba. A Joshuwa ana ba da labarin ne a matsayin cikar alkawarin da aka yi wa Ibrahim. Amma mutum na farko da ya gina gari ya sa masa sunan ɗansa a littafin Kayinu ne, wanda ya kashe ɗan'uwansa. Masu hasumiyar Babila ma suna suka ce za su yi wa kansu. Zabura 49 tana maganar attajiran da suka sa wa filaye sunayensu, ta ce kabari ne gidansu. Annabawa kuma sun juya makamin a kan mutanensu, annabi Yusha'u, wato Hosiya, ya ƙi ce wa Betel gidan Allah, ya riƙa ce mata Bet-awen, gidan mugunta, saboda ɗan maraƙin nan. Bayan an kwashe su zuwa bauta sun ɗanɗani abin a jikinsu, sai ka ji canjin suna ya zama maganar lallashi, Ishaya 62 tana ce wa ƙasar ba za a ƙara kiranta yasassiya ba, kuma a nan Allah ne mai raɗa sunan.

Wannan yana da alaƙa da rikicin sunaye a Falasɗinu da Isra'ila yau?

Ƙasar dai ita ce, kuma duk mai ƙarfin da ya zo sai ya gwada. Girkawa suka ce wa Rabba Filadelfiya, Bet-sheyan kuma Sikitopolis, duka biyu suka koma tsoffin sunayensu, Amman da Baisan. Hirudus ya ce wa Samariya Sebaste, wannan ya zauna, ƙauyen Sabastiya yana nan. Nablus daga Neyapolis ta Rumawa ta samo suna. Sarkin Rum Hadriyan ya mai da Urushalima Eliya Kapitolina, bayan tawayen Yahudawa da aka murƙushe a 135 Miladiyya aka hana su shiga birnin, aka kuma canza wa lardin suna daga Yahudiya zuwa Siriya Falasɗina. Sunan nan Eliya, wato Iliya, ya daɗe har Larabawan farkon Musulunci da shi suka san birnin, shi ne a takardar amanar da ake danganta wa Sayyidina Umar. A 1949 kuma Ben-Gurion, firaministan Isra'ila na farko, ya kafa kwamitin da ya bi duwatsu da kwaruruka na Negev yana sa musu sunayen Ibrananci a madadin na Larabci.

Ni dai ban yarda a ɗauki Mahukunta 18 a mayar da ita takardar fili ko lasisin korar kowa ba, wanda ya rubuta ta ma bai ɓoye cewa an zalunci Layish ba. Kuma akwai abin da ya kamata kowane ɓangare ya sani. Da Ba'amurke Edward Robinson ya zagaya ƙasar a 1838 tare da Eli Smith mai jin Larabci suna neman garuruwan da ke cikin littafin, a bakin manoma Larabawa suka same su, Baitin ita ce Betel, Anata ita ce Anatot, al-Jib ita ce Gibeyon. Ta al-Jib an ma tabbatar da ita daga baya, da aka yi tono a wajen daga 1956 aka ciro hannayen tuluna masu rubutun sunan Gibeyon a jikinsu da tsohon Ibrananci.